Cocin Iyali Mai Tsarki: ikilisiyar Katolika ɗaya tilo a Zirin Gaza

A unguwar Zaitun da ke tsohon birnin Gaza akwai wata haraba da aka kewaye da katanga, wadda ta ƙunshi coci da makaranta da gidan limamai da gidajen mata masu hidimar addini da kuma filin wasan yara. Wannan ita ce ikilisiyar Iyali Mai Tsarki, kuma ita kaɗai ce ɗarikar Katolika ke da ita a duk faɗin Zirin Gaza.

Kafin ɓarkewar yaƙi a watan Oktoban 2023, alƙaluman da limamin cocin ya bayar sun nuna cewa Kiristoci 1,017 ne ke zaune a zirin mai mutane fiye da miliyan biyu. Daga cikinsu 135 ne kacal mabiya ɗarikar Katolika, yayin da mafi rinjayen ragowar ke bin ɗarikar Otodoks ta Girka. Wato ke nan jama'ar da ba za ta cika manyan motocin safa uku ba ita ce ta riƙe wata cibiya da sunanta ya kai kunnen shugabannin duniya.

Mene ne ikilisiya a tsarin Katolika?

A tsarin ɗarikar Katolika, ikilisiya ita ce gunduma mafi ƙanƙanta. Tana da coci guda da limami guda mai kula da ita, wanda mabiya ke kira Fada, kuma a nan ne ake yi wa jarirai baftisma, a ɗaura aure, a yi wa mamaci addu'a, a kuma adana rajistar dukkan waɗannan al'amura. Ikilisiyoyi da yawa ne ke haɗuwa a ƙarƙashin bishop guda, shi kuma bishop yana ƙarƙashin Paparoma da ke birnin Rum. Tsarin ɗaya ne ko a Kaduna ko a Maraɗi ko a Gaza.

Ita ikilisiyar Gaza tana ƙarƙashin babban limamin Katolika na Birnin Ƙudus ne, wanda ikonsa ya haɗa da Isra'ila da yankunan Falasɗinawa da Jodan da tsibirin Kuburus. Tun daga shekarar 2020 Pierbattista Pizzaballa, ɗan ƙasar Italiya, ke riƙe da wannan muƙami, kuma an naɗa shi Kadinal ne a ranar 30 ga watan Satumban 2023, mako guda kafin a fara yaƙin.

Tushen Kiristanci a Gaza

Sunan cocin ya samo asali ne daga wata tsohuwar ruwaya ta Kiristocin yankin, wadda ke cewa Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, da mahaifiyarsa Maryamu da Yusufu sun ratsa ta Gaza a kan hanyarsu ta zuwa Masar sa'ad da suke gudun Sarki Hirudus. Dama dai Gaza na kan tsohuwar hanyar fatake ta bakin teku da ta haɗa Sham da Masar, kuma a kan wannan harka ta fatauci ne Hashim, kakan mahaifin Annabi Muhammadu, ya rasu a birnin, abin da ya sa Larabawa ke kiransa Gazar Hashim.

Kiristanci ya yi ƙarfi a birnin ne a zamanin Bishop Porfiriyus, wanda ya shugabanci Kiristocin Gaza daga shekarar 395 zuwa 420 miladiyya, kuma a zamaninsa ne aka rufe ɗakunan tsafin birnin. Cocin da ke ɗauke da sunansa, na ɗarikar Otodoks, yana daura da masallacin Katib Wilaya, tafiyar 'yan mintoci kaɗan daga harabar 'yan Katolika. A kudancin birnin kuma akwai kufan gidan ibadar Hilariyon, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a Gabas ta Tsakiya, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin kayan tarihin duniya a watan Yulin 2024.

Idan aka kwatanta da waɗannan, ikilisiyar Katolika baƙuwa ce. Wani limami ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Georg Gatt ne ya kafa ta a shekarar 1879. Yawan mabiyanta ya ƙaru bayan yaƙin 1948, lokacin da dubban ɗaruruwan Falasɗinawa suka rasa gidajensu, wasu daga cikin Kiristocin garuruwan bakin teku irin su Yafa suka kwararo zuwa Gaza tare da maƙwabtansu Musulmi.

Ibada a cikin harshen Larabci

Babbar ibadar 'yan Katolika ita ce Mas, wadda ake gudanarwa kowace rana, amma ta ranar Lahadi ce ta wajaba a kan kowane mabiyi. Ana fara ta da neman gafara, sai karatu daga Littafi Mai Tsarki, sai wa'azin limami, daga bisani kuma a keɓe gurasa da ruwan inabi, waɗanda mabiya suka yi imani suna zama jiki da jinin Almasihu, a rarraba wa jama'a. A Gaza da harshen Larabci ake yin wannan duka, kuma kalmar da masu ibada ke amfani da ita wajen kiran Ubangiji ita ce Allah, kamar dai yadda Kiristocin ƙasar Hausa ke yi.

Baya ga Mas akwai addu'ar Rosari, wadda ake ja da wani abu mai kama da carbi, da kuma zaman shiru na bauta a gaban gurasar da aka keɓe. Shekara kuma tana tafiya ne bisa kalandar coci: makonni huɗu na shirin Kirsimeti, azumin kwana 40 kafin bikin Ista, da kuma watan Mayu da aka keɓe domin girmama Maryamu.

Wani abin lura shi ne da yawa daga cikin masu halartar cocin ba 'yan Katolika ba ne. Saboda ƙarancin jama'a, auratayya tsakanin iyalan Otodoks da na Katolika ta zama ruwan dare, ta yadda a gida guda za a tarar ana bikin Kirsimeti sau biyu, na ranar 25 ga watan Disamba da kuma na ranar 7 ga watan Janairu. Saɓanin aƙidar da ya raba ɗarikun biyu kusan shekaru dubu da suka wuce bai cika yin tasiri ba a wurin da kowa ɗan'uwan kowa ne. Ƙungiyoyin yara da na matasa da na mata da cocin ke gudanarwa duk a buɗe suke ga kowane Kirista, kuma a garin da ba shi da wuraren shaƙatawa masu yawa, filin cocin ya kasance dandalin haɗuwa, inda ake buga ƙwallo, a yi hira, a kuma ƙulla sanayyar da kan kai ga aure.

Hidimar da ta zarce yawan mabiya

Abin da ya sa mazauna Gaza suka san wannan coci ba ibadarsa ba ce, makarantunsa ne. Tun a shekarar 1974 hukumar cocin ta buɗe makaranta a birnin, kuma kafin yaƙin 2023 makarantun Katolika uku ne ke aiki: biyu na ofishin babban limamin Birnin Ƙudus, ɗaya kuma ta ƙungiyar mata masu hidima ta Rosari da ke unguwar Tal al-Hawa, wadda ita kaɗai ke da ɗalibai fiye da dubu ɗaya. Mafi yawan ɗaliban waɗannan makarantu 'ya'yan Musulmi ne, haka ma da yawa daga cikin malaman.

A cikin harabar cocin kuma akwai gidan ƙungiyar da marigayiya Mother Teresa ta kafa, wadda matanta suka isa Gaza a shekarar 1973. Aikinsu shi ne kula da yara masu naƙasa mai tsanani da kuma tsofaffin da ba su da mai kula da su, kusan dukkansu daga iyalan Musulmi. Ƙungiyar agaji ta Caritas ita ma tana da cibiyar lafiya a birnin.

Amma fa zaman bai rasa tangarɗa ba. A watan Yunin 2007, a tsakiyar faɗan da ya kai ga ƙungiyar Hamas ta karɓe iko da zirin daga hannun Fatah, wasu 'yan bindiga sun kutsa makarantar Rosari suka yi ɓarna, lamarin da shugabannin Hamas suka yi tir da shi. A watan Oktoban wannan shekara kuma aka sace tare da kashe manajan kantin sayar da littattafan Kirista na birnin. Sai dai abin da ya fi rage yawan Kiristocin shi ne killacewar da Isra'ila da Masar suka yi wa zirin tun daga 2007, da rashin aikin yi, da yaƙe-yaƙen 2008 zuwa 2009 da 2012 da 2014 da kuma 2021. Kafin yaƙin 2023, a kowace shekara Isra'ila kan ba wa wasu ɗaruruwan Kiristoci takardar izinin zuwa Baitalami da Birnin Ƙudus domin bukukuwan Kirsimeti da Ista, sau da yawa a ba wani a cikin iyali a hana wani, kuma akan samu waɗanda idan suka fita ba sa komowa. Jama'ar da aka ƙiyasta ta kai kimanin 3,000 a shekarar 2007 ta koma kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekaru 16.

Bayan Fada Manuel Musallam, Bafalasɗinen da ya jagoranci ikilisiyar daga 1995 zuwa 2009, kulawar cocin ta koma hannun wata ƙungiyar limamai da aka kafa a ƙasar Ajantina. Daga cikinta ne Fada Gabriel Romanelli ya fito, haifaffen birnin Buenos Aires wanda ya daɗe a ƙasashen Larabawa kuma yake jin harshensu, wanda ya karɓi ragamar ikilisiyar a shekarar 2019.

Lokacin da coci ya koma gida

A ranar 7 ga watan Oktoban 2023 Hamas ta kai hari kudancin Isra'ila, inda aka kashe mutane kimanin 1,200 aka kuma yi garkuwa da wasu wajen 250. Harin ya riski Fada Romanelli a Baitalami, inda ya je sayo magani, kuma aka rufe kan iyaka bai samu komawa ba har tsawon watanni bakwai. Nauyin jama'a ya faɗa kan mataimakinsa, Fada Yusuf Asad, ɗan ƙasar Masar, tare da mata masu hidima.

A ranar 13 ga watan na Oktoba rundunar sojin Isra'ila ta umarci mazauna arewacin zirin da su ƙaura zuwa kudu. Galibin Kiristocin suka ƙi. Hujjarsu ita ce babu hanyar kwashe naƙasassu da tsofaffin da ke kwance, babu kuma wani wuri a kudun da ke da tabbacin tsaro, sannan suna tsoron idan suka bar cocinsu ba za su sake ganinsa ba. Sai suka tattara a majami'u biyun da ke tsohon birnin. Kwana shida bayan haka, a ranar 19 ga wata, wani harin jirgin sama ya rusa wani gini a harabar cocin Porfiriyus, mutane 18 suka rasu, ciki har da yara. Isra'ila ta ce ta auna wata cibiyar Hamas ce da ke kusa da wurin. Da dama daga cikin waɗanda suka tsira suka komo harabar 'yan Katolika, inda a wani lokaci yawan masu neman mafaka ya kai kimanin 600 zuwa 700.

A nan ne tsarin ikilisiya ya nuna amfaninsa. Azuzuwan makaranta suka zama ɗakunan kwana, iyalai da dama a aji guda. Aka kafa kwamitoci na ruwa da abinci da tsafta da lafiya da gadi, kowane baligi da aikinsa. Da iskar gas ta ƙare aka koma girki da itace, wutar lantarki kuma ta dogara ga 'yan faya-fayen hasken rana. A tsakiyar wannan hali ba a daina Mas ba, ba a daina Rosari ba, kuma lokutan waɗannan ibadu ne suka zama agogon da jama'a ke auna yininsu da shi, a lokacin da babu aiki, babu kasuwa, babu makaranta. Wanda bai taɓa zama a killace ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu, amma ga ɗaruruwan mutanen da ke cunkushe wuri guda cikin fargaba, sanin abin da za a yi da safe da abin da za a yi da yamma na daga cikin abubuwan da ke hana zukata karaya da kuma hana husuma tashi.

An ci gaba da yi wa jarirai baftisma, kuma a watan Janairun 2024 wasu yara sun karɓi gurasa mai tsarki a karon farko, bikin da a lokacin zaman lafiya iyalai kan yi wa sabon ɗinki da walima. Daga baya malaman da ke cikin masu neman mafaka suka buɗe wa yara azuzuwa a harabar. Kazalika, da taimakon ofishin babban limamin Birnin Ƙudus da ƙungiyar agaji ta Malta, cocin ya riƙa rarraba abinci ga dubban iyalan unguwar, waɗanda kusan dukkansu Musulmi ne.

Katangar ba ta hana mutuwa shiga ba. A ranar 16 ga watan Disamban 2023 aka harbe wata dattijuwa da 'yarta a cikin harabar, wasu bakwai suka jikkata. Ofishin babban limamin ya ce wani sojan Isra'ila gwanin harbi daga nesa ne ya kashe su, ya kuma ce a wannan rana wata tankar yaƙi ta harba rokoki kan gidan matan Mother Teresa, inda naƙasassu 54 ke zaune, ta lalata injin wuta da faya-fayen hasken rana. Rundunar sojin Isra'ila ta musanta cewa ta auna fararen hula. Washegari Paparoma Francis ya yi Allah wadai da lamarin a bainar jama'a, yana mai cewa babu 'yan ta'adda a wurin sai iyalai da yara da marasa lafiya. Akwai kuma waɗanda ba harsashi ne ya kashe su ba, tsofaffi da masu ciwon suga da na zuciya da na ƙoda da suka rasu saboda rashin magani.

Sa'ar Paparoma

Kwana biyu da fara yaƙin Paparoma Francis ya buga wa cocin waya, kuma daga nan abin ya zama al'ada. Kusan kowane dare da misalin ƙarfe 8 agogon Gaza yakan kira, sau da yawa ta hoton bidiyo na WhatsApp, jama'a su taru a kewaye wayar limami. Hirar ba ta da tsawo, kuma ba ta siyasa ba ce: yakan tambayi lafiyar yara da marasa lafiya, ya tambayi abin da aka ci a ranar, sannan ya sa musu albarka. Mazauna harabar suka laƙaba wa lokacin suna sa'ar Paparoma. Ko da aka kwantar da shi a asibitin Gemelli da ke Rum a watan Fabrairun 2025 bai yanke kiran gaba ɗaya ba. Kira na ƙarshe ya zo ne a ranar Asabar 19 ga watan Afrilun 2025, jajibirin Ista. Washegari ya ambaci Kiristocin Gaza a saƙonsa na Ista, ranar Litinin 21 ga wata kuma ya rasu.

Ya kuma bar wasiyyar a mayar da motar da ya shiga lokacin ziyararsa a Baitalami a 2014 ta zama ƙaramin asibitin tafi-da-gidanka domin yaran Gaza. Ƙungiyar Caritas ta kammala gyaran motar, aka nuna ta a Baitalami a watan Nuwamban 2025.

Fada Romanelli ya samu komawa ne a watan Mayun 2024, a cikin tawagar Kadinal Pizzaballa, wanda ya sake kai ziyara a watan Disamban shekarar domin jagorantar addu'ar Kirsimeti.

Harin 17 ga watan Yuli

Da safiyar Alhamis 17 ga watan Yulin 2025 wani makami na sojojin Isra'ila ya faɗa kan ginin cocin kansa, kusa da gicciyen da ke saman rufinsa. Mutane uku suka rasu: mai kula da harabar, ɗan shekara 60, da wasu mata biyu dattijai. Wasu kimanin goma suka jikkata, ciki har da Fada Romanelli da ya samu rauni a ƙafa. Isra'ila ta ce kuskure ne, Firayim Minista Benjamin Netanyahu ya nuna takaici, ya kuma buga wa Paparoma Leo na 14 waya washegari. A wannan rana ce Kadinal Pizzaballa da takwaransa na Otodoks, Theophilos na 3, suka shiga Gaza tare domin yin ta'aziyya.

Hankalin da harin ya jawo ya zarce wanda hare-hare da yawa mafiya muni suka samu, kuma shugabannin cocin da kansu sun yi ta nanata cewa mabiyansu wani ɗan yanki ne kawai na al'ummar da ke cikin bala'i guda. A ƙarshen wannan wata ne ma'aikatar lafiya ta Gaza, wadda ke ƙarƙashin Hamas, ta ce yawan waɗanda aka kashe a zirin ya haura 60,000.

Da Isra'ila ta bayyana shirin mamaye birnin Gaza, shugabannin ɗarikun biyu sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a ranar 26 ga watan Agustan 2025, inda suka ce limamai da mata masu hidima ba za su fita ba, domin tilasta wa raunana da masu fama da yunwa yin tafiya zuwa kudu daidai yake da yanke musu hukuncin kisa. Sauran jama'a kuma aka bar wa kowa zaɓinsa. Sun zauna har zuwa lokacin da yarjejeniyar tsagaita wuta ta fara aiki a ranar 10 ga watan Oktoban 2025.

Babbar barazanar da ke fuskantar ikilisiyar dai ita ce ƙaura. Kafin a rufe mashigar Rafah a watan Mayun 2024, ɗaruruwan Kiristoci sun fice zuwa Masar, wasu daga can suka zarce zuwa Ostareliya da wasu ƙasashe inda suke da dangi, kuma galibinsu matasa ne da iyalai masu ƙananan yara. A al'ummar da ba ta wuce mutum dubu ba, ficewar iyali goma na nufin rasa malamai da mawaƙan coci da kuma samari da 'yan matan da za su yi aure su haifi na gaba. Gidajen mafi yawan waɗanda suka rage sun rushe, haka ma makarantar Rosari ta yi mummunar lalacewa.

Lokacin da Kadinal Pizzaballa ya koma daga ranar 19 zuwa 21 ga watan Disamban 2025, ya tarar da ɗaruruwan mutane har a lokacin suna zaune a harabar saboda ba su da inda za su koma. A ranar Lahadi 21 ga wata ya jagoranci Mas ta Kirsimeti, inda wasu yara suka karɓi gurasa mai tsarki a karon farko, aka kuma yi wa jariri guda baftisma.